Kunkuru a Gida: Yadda Ake Riƙonsa Daga Hunturu Zuwa Damina

A garuruwan kan iyaka irin Jibiya da Magama, da ƙauyukan da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi, kunkuru kan shigo gida ba tare da an shirya masa ba. Wani manomi ne ya tsince shi a gona, wani makiyayi ne ya kawo shi kyauta, wani kuma ya gan shi a hannun yara suna ja da igiya tausayi ya sa ya karɓe. Sai a ajiye shi a lungun tsakar gida, a riƙa jefa masa guntun tuwo, a ɗauka cewa dabba ce da ba ta ciwo, ba ta jin ƙishi, ba ta mutuwa. Gaskiyar ita ce kunkuru na mutuwa a hannun masu ƙaunarsa, sai dai a hankali yake mutuwa, shi ya sa ba a cika gane dalili ba.

Wani sabon haɗari kuma ya ƙaru. Wanda ya buɗe waya yana neman yadda ake kiwon kunkuru, yawancin abin da zai gani daga Amurka da Ingila ne, inda ake koyar da yadda za a kwantar da shi dogon barcin hunturu, har da saka shi a firij. Wannan shawara daidai ce ga nasu, amma ajali ce ga namu.

Fara da sanin wane iri ne a hannunka

Iri uku ne aka fi cin karo da su a wannan yanki, kuma abincinsu da muhallinsu sun bambanta.

Na farko shi ne babban kunkurun tudu na Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske kamar yashi, ƙafafunsa na gaba suna da manyan ɓawo masu kauri, a bayan cinyoyinsa kuma akwai ƙayoyi biyu ko uku. Mazauninsa na asali ya taso daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ana ƙyanƙyashe shi bai wuce santimita 5 ba, amma babban namiji kan haura kilo 50, wasu har su kai 90. Ciyawa ce abincinsa. Wannan jagora a kansa ta fi tsayawa.

Na biyu ƙarami ne, ba ya cika wuce santimita 22, mai ƙoƙon baya dogo. Alamarsa ita ce gaɓa a ƙarshen bayansa: in ya tsorata sai ya ja ƙafafun baya ya rufe. Masana na kiran danginsa Kinixys. Shi yana son inuwa da laima, kuma banda ganye yana cin dodon koɗi da tana da ƙadandoniya da naman kaza. Wanda ya ba shi busasshiyar ciyawa zalla zai kashe shi da yunwa.

Na uku na ruwa ne. Bayansa a baje yake, ƙafafunsa masu faɗi da farata, yana lanƙwasa wuyansa gefe in zai ɓoye kai. Ana samunsa a kududdufai da tafkuna da bakin madatsar ruwa irin ta Jibiya. In ruwa ya ƙafe sai ya nutse cikin laka ya jira damina. Wannan ba na ajiyewa a tsakar gida ba ne. Alherin da za ka yi masa shi ne ka mayar da shi inda aka kamo shi.

Doka da kan iyaka

Babban kunkurun Sahel ya yi ƙaranci a daji. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Dalilan a fili suke ga duk mai zaune a nan: daji ya koma gona, dabbobi sun cinye ciyawar, wutar daji na bi kowace shekara, sannan ana kwashe shi don sayarwa. Najeriya da Nijar duk sun sa hannu a yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji don kasuwanci. Najeriya ta yi dokarta a 1985 kan irin waɗannan halittu, aka yi mata gyara a 2016, Nijar kuma tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998.

Ma'anar wannan ga mutumin Jibiya ita ce: ɗauko kunkuru daga Maraɗi ko Madarunfa a saka a but ɗin mota a ƙetaro da shi ba ƙaramin abu ba ne, ko da kyauta aka ba ka. Jami'an kwastan da na gandun daji na da hurumin karɓewa. Kada ka sayi wanda aka kamo daga daji, domin kuɗinka ne zai sa a koma a kamo wani. Wanda ka gani yana tafiyarsa a daji kuwa, ka bar shi. Bayanin da ke tafe na wanda kunkuru ya riga ya zama amana a hannunsa ne.

Makon farko

Sabon kunkuru a firgice yake, kuma galibi a bushe. Yana ajiye ruwa a mafitsararsa don lokacin fari, amma in an ɗaga shi sama ko an tsorata shi sai ya zubar. Saboda haka abin farko da yake buƙata ruwa ne, ba abinci ba. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a daro, iya haɓarsa kawai, ka sa shi ciki na minti 20 kana tsaye a wurin. Kada ruwan ya rufe hancinsa, don kunkurun tudu bai iya iyo ba. Maimaita haka kullum a makon farko.

Bayan nan ka duba jikinsa da kyau a cikin haske. Idanu su kasance a buɗe, masu sheƙi. Hanci ya zama a bushe, babu majina ko kumfa. Ƙoƙo ya zama da tauri, ba tsagewa, ba wari. Leƙa hammata da gindin wutsiya da wuya, nan kaska ke maƙalewa. Cire ta da matsefata, ka kama kusa da kai ka ja a hankali, sannan ka ƙone ta. Wannan ya shafi garkenka ma: irin kaskar da ke kan kunkuru na iya ɗaukar cutar da ke kashe tumaki da awaki da shanu, abin da ya sa Amurka ta hana shigar da shi ƙasarta a shekarar 2000. Kada ka haɗa shi da dabbobinka kafin ka tabbatar ya rabu da ita.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata kowane mai kiwo ya haddace. Allurar Ivermectin, wadda ake sayarwa a kasuwannin dabbobi don tsutsar ciki da kaska, guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki ta kashe shi. Kada a yi masa ita, kada kuma a fesa masa maganin kaskar shanu.

Auna nauyinsa ka rubuta, sannan ka riƙa aunawa duk wata. Kunkuru ba ya ramewa a ido, sikeli ne kawai zai gaya maka. In da wani kunkurun a gidan, raba su na aƙalla wata uku. In bai ci komai ba a kwanakin farko, ba abin tashin hankali ba ne. Rage ɗaukarsa, hana yara kewaye shi, zai sake.

Wurin zama

Ɗaki ko kwali ko tsakar gida mai siminti ba mazaunin babban kunkuru ba ne. Yana buƙatar ƙasa da zai tona, da rana, da inuwa. Ware masa fili gwargwadon hali, in ya girma kada ya gaza mita 5 a kowane gefe. Dangar kara ba ta tsare shi, zai ture ta. Yi katangar bulo mai tsayin santimita 60 zuwa sama, tushenta ya nutse a ƙasa, kuma kada ya riƙa hangen waje ta cikinta, domin abin da ya hango shi zai yi ta turawa.

Tona rami ɗabi'arsa ce, ba ɓarna ba. A daji ramin kan kai mita da yawa, kuma a cikinsa yake tsira daga zafi da sanyi. Amma a gidan ƙasa, rami a gindin katanga na iya kayar da ita, ko ya ɓulla cikin masai ko rijiya. Maganin wannan shi ne ka riga shi: zaɓi wuri mai tudu nesa da gini, ka fara masa rami mai gangara, ka rufe samansa da katako mai ƙarfi, ka tara ƙasa mai kauri a kai. Bakin ramin ya juya wa arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke fitowa. Galibi zai karɓe shi ya ci gaba da gyarawa da kansa.

Binne faffaɗan kasko ko tire mara zurfi daidai da ƙasa, a riƙa sauya ruwan kullum. Kawar da duwatsu da matakala da duk abin da zai hau ya kife, domin kunkurun da ya faɗi rigingine a ranar bazara ba ya daɗewa. Tsince leda da igiya da ƙusa, yana haɗiye su. Ƙananan kunkuru kuwa a rufe musu sama da raga, saboda shaho da hankaka, da dare kuma a tsare su daga ɓera da gafiya da kwarkwasa. Kare ma yakan gwaguyi ƙoƙon kamar ƙashi.

Kada a huda gefen ƙoƙonsa don a ɗaura igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini da jijiya a ciki, kuma yana jin zafi. Haka nan kada a shafa masa fenti ko mai. Maza biyu ba sa zama wuri guda. Za su yi ta karo har ɗaya ya kifar da ɗaya. Ana gane namiji in ya girma da doguwar wutsiya da cikin da ya lotsa, mace kuma cikinta a shimfiɗe yake.

Abinci

Cikinsa an yi shi ne don ciyawa mai tauri mara maiƙo. Kaso mafi yawa na abincinsa ya zama ciyawar da ka sani: guɗe-guɗe, harkiya, burburwa, kiri-kiri. Da damina a bar shi ya yi kiwo, da kaka kuma a yanka a shanya a adana masa kamar yadda ake wa ragon layya tanadi. In busasshiyar ta yi masa tauri, a daddatsa a yayyafa ruwa. Ana ƙara masa ganyen kabewa, ganyen dankalin Hausa, rama, da ɗan zogale jefi-jefi. Harawar wake da ta gyaɗa suna da ƙarfi da yawa, a ba shi kaɗan. Kankana da gwanda da mangwaro yana son su ƙwarai, amma suna ɓata masa ciki, kada su wuce ɗan yanki can ba a rasa ba.

Tuwo, shinkafa, burodi, dafaffen wake, dusa, nama da duk abin da ya ji gishiri ko mai, ba nasa ba ne. Zai ci, har ya yi saurin girma, mai shi ya yi murna. Amma irin wannan girma shi ke sa ƙoƙo ya yi tudu-tudu, ƙoda ta lalace, tsakuwa ta taru a mafitsara. A nisanta shi daga tumfafiya da zaƙami da zurma da bini-da-zugu, kuma kada a yanko masa ciyawa daga gonar da aka yi wa feshi.

Don ƙarfin ƙashi, tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi laushi, ka barbaɗa kaɗan a abincinsa sau biyu a mako. Amma wannan ba ya amfani sai da hasken rana kai tsaye, wanda ba ta bayan gilashi ba. Ƙaramin da aka kulle a ɗaki ƙoƙonsa laushi yake yi.

Ka riƙa duba fitsarinsa. Farin abu mai laushi da ke fita tare da shi lafiya ne. In ya zama gari-gari ko tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi masa kaɗan, a ƙara jiƙa shi.

Hunturu: ba barci yake ba, sanyi yake ji

A gabashin Amurka akwai ƙaramin kunkuru mai rufe kansa ruf kamar akwati. Idan sanyi ya shigo wajen Oktoba ko Nuwamba, sai ya nutse cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, bugun zuciyarsa ya ragu, ya daina ci har Maris ko Afrilu. Masu kiwon kunkurun kudancin Turai ma sukan ajiye nasu a sanyi na wajen digiri 5. Jikinsu an halicce shi da wannan dabara. Na Sahel ba shi da ita. Sanyi ba ya kwantar da shi, raunana shi yake yi: abinci ya tsaya a ciki bai narke ba, garkuwar jiki ta faɗi, ciwon huhu ya shiga.

A ƙasar Katsina, daren Disamba da Janairu kan sauko ƙasa da digiri 15, wani lokaci ya kusanci 10, ga iska da ƙura. Babban kunkuru mai rami mai zurfi kuma busasshe zai iya jurewa, domin cikin ƙasa ya fi waje ɗumi. Aikinka shi ne ka tabbatar kowace yamma ya shiga, ka zuba masa busasshiyar ciyawa, ka rataya buhu a bakin ramin don tare iska ba tare da toshe numfashi ba. Wanda ba shi da rami, da ƙarami, da mara lafiya, da sabon zuwa, a shigar da su ɗaki da magariba cikin kwali ko kwando mai ciyawa, a ɗora a kan katako ba a kan siminti ba. Kada a ajiye masa kaskon wuta: zai matso ya ƙone ko ya ture shi, hayaƙin gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana kashe mutum balle dabba.

Da hantsi, in rana ta yi ƙarfi, a fito da shi wurin da iska ba ta bugawa. Sai jikinsa ya ɗumama sannan a ba shi abinci. Jiƙawa ma da tsakar rana za a yi, a goge shi ya bushe sarai kafin yamma, domin sanyi da laima in suka haɗu su ne mafi muni. Iskar hunturu na busar da jiki, don haka kada a ɗauke ruwan sha don an ga ana sanyi.

Rage ci da rage yawo a wannan lokaci ba ciwo ba ne. Ga yadda za ka bambance: mai lafiya, in ya sha rana awa guda, zai buɗe ido, ya ɗaga jikinsa daga ƙasa, ya taka. In ka taɓa ƙafarsa zai janye da ƙarfi. Amma in ka ga majina ko kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ƙara a ƙirji, idanu a kumbure ko sun faɗa, ƙafafu sun saki, ko nauyi na raguwa wata bayan wata, to ba barci ba ne. Ɗumama shi, ka kai shi wurin likitan dabbobi. In abin ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Bazara: lokacin laɓewarsa na gaskiya

Abin da ya yi kama da dogon barci a rayuwar kunkurunmu da zafi yake zuwa, ba da sanyi ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yakan shige rami ya yi kwanaki, a daji har makonni, bai fito ba. Yana tsimin ruwan jikinsa ne. Kada a tono shi, kada a zura sanda. Ajiye ruwa da ɗan abinci a bakin ramin da asuba da kuma bayan la'asar, lokutan da yake leƙowa. Ƙara rumfa a kan ramin, ka jiƙa wani lungu ya zama laka, zai kwanta a ciki ya watsa wa bayansa.

In ka same shi a rana yana kumfa a baki yana shafa yawu a ƙafafunsa, zafi ya kai masa ko'ina. Kai shi inuwa nan take, ka riƙa zuba masa ruwan randa a hankali, ba ruwan ƙanƙara ba.

Damina

Da saukar ruwan fari zai sauya gaba ɗaya: ci, yawo, tona, neman hanyar fita. Yanzu ne yake tara ƙarfin da zai ci shekara da shi, a bar shi ya ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Haɗarin wannan lokaci ruwa ne a rami. Mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar Yulin 2018 sun san yadda ruwa ke zuwa cikin dare ba sallama. Yi wa bakin ramin kunya ta ƙasa da za ta karkatar da ruwa, in hadari ya haɗu sosai kuma a fito da shi zuwa tudu. Bayan damina ne suke barbara, mace ta tona ta saka ƙwai 15 zuwa 30. Mace na iya yin ƙwai ko babu namiji, kuma in ba ta sami ƙasa mai laushi ba sai ta riƙe su a ciki, abin da ke iya halaka ta.

Lafiyar mutanen gida

Kunkuru, ko mai ƙoshin lafiya, yana ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella a kashinsa, mai sa zawo da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Daronsa daban, kada ya haɗu da kwanukan abinci, kada kuma a bar shi yana yawo a madafa ko inda jariri ke rarrafe. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su kalla daga nesa, kuma kada a bari su hau bayansa, domin huhunsa a ƙarƙashin ƙoƙon yake.

Amanar da ta fi shekarun mai ita

A 2019 aka yi ta labarin mutuwar Alagba, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso, wanda fadar ta ce ya shekara 344. Masana ba su yarda da wannan adadi ba, amma sun tabbatar irin wannan dabba na haura shekara 70. Ke nan wanda ya karɓi ƙarami yau, wataƙila jikokinsa ne za su ƙarasa kiwon. Tun yanzu a san wanda zai gaje shi, a koya masa. Addini ya riga ya yi mana gargaɗi game da matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ba ta kuka ta fi buƙatar a tuna da wannan.

In riƙon ya gagare ka, kada ka kai shi daji ka yar. Wanda ya daɗe a gida na iya kai wa na daji cuta, kuma yawanci hannun wani mai sayarwa zai faɗa. Tuntuɓi jami'an gandun daji ko ma'aikatar muhalli ta jiha. A Senegal, Tomas Diagne da abokan aikinsa sun kafa Ƙauyen Kunkuru a Noflaye, inda ake karɓar waɗanda aka ajiye a gidaje, a duba lafiyarsu, a hayayyafa su, har aka mayar da wasu dajin Ferlo. Ƙasar Katsina da ta Maraɗi, waɗanda gida ne na asali ga wannan dabba, sun cancanci irin wannan wuri. Kafin a samu, abin da ke hannun kowane mai kunkuru abu biyu ne: ya riƙe na gidansa da ilimi, ya kuma ƙi karɓar wani daga daji.